Wa Ya Kamata Ya Sa Ranar Sukuwa?

Masu iya magana kan ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Bahaushe bai ɗauki sa rana da wasa ba. Ranar aure in an sa ta, ko da bashi sai an cika, ranar kasuwa kuwa ko sarki ba ya ɗaga ta sai da dalili mai ƙarfi. Saboda haka duk wanda ya miƙe a gaban dattawa ya ce a sauya ranar wani abu da aka saba, to ya kwana da shirin shan harara, ko da kuwa gaskiya ce a bakinsa. Wannan shi ne halin da muka shiga a garinmu Jama'a, ta ƙasar Gwarzo, tun daga shekarar 2024, a kan ranar sukuwarmu. Na ga ya dace in kawo maganar gaban 'yan uwa, domin kuwa abin da ya fara kamar gardamar ƙauye, da na bi diddigi sai na tarar tambaya ce da har manyan ƙasashe ba su gama amsa ta ba.

Kafin in yi nisa, bari in bambance wa mai karatu abubuwa uku da akan cakuɗa. Akwai hawa, akwai kilisa, akwai kuma sukuwa. Hawa shi ne na ado da nuna mubaya'a, irin wanda ake yi a birnin Kano da Sallah, daga Hawan Idi zuwa na Daushe da na Nasarawa, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Kilisa kuwa fita ce ta motsa jini, a saki ƙafar doki da yamma a dawo. Sukuwa ita ce gudu na ƙure ƙarfi, a jera dawaki a sake su, wanda ya riga ya riga. A wajen hawa doki yana ɗaukar nauyin kaya da na tsayuwa, a wajen sukuwa kuwa ransa yake ɗauka ya ajiye a fage.

Tamu sukuwar ba ta da suna, ba ta da kofi, ba a kuma shelar ta a rediyo. Kwana uku ko huɗu bayan ƙaramar Sallah, idan waɗanda suka raka hakimi hawa sun dawo, sai masu dawaki na karkararmu da na maƙwabta, har daga ɓangaren Kabo, su haɗu a wani fili da ke bayan gari da la'asar sakaliya. Wanda ya yi na ɗaya yakan tashi da yadin shadda ko buhun gero, wani lokaci da 'yan kuɗin da masu hali suka tara. Amma kowa ya san ba don shaddar ake yi ba. Ana yi ne don a shekara ana cewa dokin gidan wane ne ya zo na ɗaya. Ni a gidan doki na tashi. Baffana, yayan mahaifina, bai taɓa rabuwa da turke ba tun da na yi wayo, kuma ni ne ɗan yankan harƙiya da kwashe kashi a barga har na tafi makarantar kwana. Don haka in na yi maganar doki, ba daga littafi kaɗai na ɗauko ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sallah tana bin lissafin wata ne, shekarar wata kuwa ta gaza ta rana da kwana 11. Wato kowace shekara Sallah tana matsowa baya, har ta zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Ƙaramar Sallah ta 2021 ta kama 13 ga Mayu, ta 2022 ta kama 2 ga Mayu, ta 2023 ta zo 21 ga Afrilu, ta 2024 kuma ranar Laraba 10 ga Afrilu. Duk wanda ya san ƙasar Kano ya san me ake nufi da Afrilu. Lokaci ne da zafi kan kai awo 40 a ma'auni, har ya wuce, ƙasa ta bushe ƙayau, rijiyoyi su ja baya, harawar da aka jibge a kan rumfa tun kaka ta kusa ƙarewa, wadda ta rage kuma ta yi tsadar da talaka ba ya iya ƙosar da doki da ita.

A sukuwar 2024 wani akawali na wani bawan Allah daga maƙwabtanmu ya zo na ɗaya. Dokin ya yi kwana uku yana hawa, an dawo da shi da daddare, washegari aka sa shi a fage. Yana wuce tuta mahayin ya ja linzami, sai muka ga ƙafafunsa na baya suna rawa. Aka sauke sirdi, aka yi ta kwara masa ruwa, aka kawo jiƙon kanwa ya kau da kai. Kafin a kira magariba ya kwanta, bai sake tashi ba. Mai dokin bai yi kuka ba, sai dai ya tsuguna ya kwance ragamar da hannunsa, ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya bar shaddar a inda aka ajiye masa. Wanda ya san kuɗin ingarma a yau, da abin da yake ci kafin ya kai ga fage, ya san dukiyar shekaru ce ta kwanta a wurin.

Bayan kwana bakwai aka zauna a ƙofar gidan dagaci. Samari masu hawa suka ce a raba sukuwa da Sallah, a mai da ita ƙarshen kaka, wajen Disamba, lokacin da an kawar da amfanin gona, dawa ta yi araha, harawa sabuwa ce, gari kuma ya yi sanyi. Dattawa suka ce ba su san zance ba. Baffa ne ya yi magana da yawunsu, kuma ba zan ɓoye ba, maganarsa tana da nauyi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan suna ganin doki kawai, mu kuwa gari muke gani. Yaushe ne 'ya'yanmu na Legas da Fatakwal da Abuja suke gida in ba da Sallah ba? Wa zai biya kuɗin mota ya zo kallon sukuwa a Disamba, sa'an nan ya sake biya ya zo Sallah? Kuɗin da ake tarawa a ba wanda ya ci, daga aljihun wa yake fitowa? Mai tsire da mai shayi da 'yan mata masu tallan gyaɗa, ranar nan ce kasuwarsu. In kun kai ta Disamba, shekarar farko za a zo, ta biyu a ragu, ta uku ku da dawakinku ne kaɗai a fili. Haka abubuwa da yawa suka mutu a garin nan, da sunan gyara. Ina dambe? Ina kokawar kaka?"

Wani ya kawo shawarar a koma babbar Sallah, sai manoma suka yi masa caa, domin a 2024 ta kama 16 ga Yuni, an riga an yi shuka, filin sukuwar kuwa rabinsa gonakin mutane ne. Wani dattijo kuma ya tunatar da samarin cewa hunturu ma ba lafiya lau ba ne, akwai ƙurar da ke sa doki tari. Aka tashi ba a tsai da magana ba. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Ranar nan na lura kowa ya yi bakinsa, mai doki da mai kallo da mai talla, wanda zai yi gudun ne kaɗai ba shi da wakili.

Da doki zai yi magana, ga abin da likitocin dabbobi suka ce zai faɗa. Zuciyarsa in yana hutawa takan buga sau 30 zuwa 40 a minti, in yana sukuwa kuwa takan haura 200. Naman jikinsa yana da yawa, fatar da zafi zai fita ta cikinta kuma ba ta kai yawan naman ba in an kwatanta da mutum, don haka ya fi mahayinsa saurin ɗaukar zafi. Da gumi yake sanyaya jikinsa, kuma a aiki mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 a sa'a guda, tare da gishirin jiki. Wannan ne ma hikimar kanwar da iyayenmu ke ba shi. Dokin da ya yi kwana uku a ƙarƙashin jalala da kayan ado yana tsaye a rana, ya riga ya ci bashin ruwa. In aka sa shi a fage washegari, bashi ne a kan bashi. Ga kuma ƙasar bazara mai tauri, wadda kowane taku yake komawa ga kofato da agara.

Wani zai ce wannan ai matsalar ƙauye ce, inda babu likita babu tsari. To bari mu leƙa inda ake da su duka. A Amurka akwai irin dawakin tsere da ake rubuta asalinsu a littafi, waɗanda jininsu ke komawa ga wasu ingarmu uku da aka kai Ingila daga Gabas shekara 300 da suka wuce. Manyan tserensu uku ne, na 'yan shekara uku zalla, wato kowane doki sau ɗaya yake samun damar a rayuwarsa. Na farko Kentucky Derby, ranar Asabar ta farkon Mayu. Bayan mako biyu sai Preakness, bayan wasu mako uku sai Belmont. Dokin da ya cinye ukun cikin mako biyar shi ake cewa ya ɗauki Kambi Uku, kuma dawaki 13 ne kaɗai suka taɓa yin haka. Daga 1978 sai da aka shekara 37 ba a samu ba, sai a 2015, na baya-bayan nan da na sani kuwa shi ne Justify a 2018.

Gardamarsu ita ce mako biyun nan na tsakani. Masu horar da dawaki na yanzu sun saba ba doki hutun wata guda ko fiye tsakanin tsere da tsere. A 2022 dokin da ya ci Derby, Rich Strike, masu shi suka ƙi kai shi Preakness. A 2025 ma haka aka yi da Sovereignty: ya ci Derby ranar 3 ga Mayu, aka hutar da shi, ya dawo ya ci Belmont ranar 7 ga Yuni. Sai masu son sauyi suka ce kun gani, a buɗa tsakani, in ba haka ba tsere na biyu zai zama fanko. Masu riƙon al'ada suka ce wahalar ita ce darajar kambin, in an sassauta an ci amanar dawakin da suka sha wuya a baya, suka kuma nuna wani doki mai suna Journalism da ya yi ukun duka a shekarar, ya ci na tsakiya, ya zo na biyu a sauran. Da na karanta wannan sai na ji kamar a ƙofar gidan dagacinmu nake.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne tarihin al'adar da suke karewa. Wannan tsari na mako biyu da mako uku bai zauna daram ba sai a 1969. Sir Barton, dokin da ya fara cinye ukun a 1919, kwana huɗu ne tsakanin tserensa na farko da na biyu. A 1917 da 1922 rana ɗaya aka yi Derby da Preakness. A 2020 da annobar korona ta zo, Belmont aka fara yi a Yuni, Derby a Satumba, Preakness a Oktoba, sama kuwa ba ta faɗo ba. A Ingila, Derby ta Epsom da aka fara tun 1780 an daɗe ana yin ta ranar Laraba, a 1995 aka mai da ita Asabar don a sami 'yan kallo. A 2024 kuma masu tseren tsallake shinge na Grand National suka rage dawaki daga 40 zuwa 34, suka matso da lokacin tashi, don kada ƙasa ta bushe ta yi wa dawaki tauri. Ko masu ƙwallo, da gasar cin kofin duniya ta je Ƙatar a 2022, ɗauke ta suka yi daga Yuni zuwa Nuwamba saboda zafi. Ashe dai ko'ina ana ɗaga rana. Abin tambaya kawai shi ne, don wa aka ɗaga ta?

Wannan ya sa na koma ina tambayar tamu al'adar, shekararta nawa? Amsar ba daga majalisar maza ta fito ba. Gwaggona ce, yayar su Baffa, wadda ta haura tamanin, ta warware mana ita a tsakar gida, wata rana da Baffa ya shigo gaishe ta yana ta faɗan yaran zamani. Ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce, "Kai dai ka cika mantuwa. Shekarun da aka yi ta azumi da damina, zamanin Shagari, a ina kuka yi sukuwar Sallah? A cikin geron mutane? Ai Baba cewa ya yi a bari sai an yi girbi. Har kai ne ka hau kilin nan nasa, ranar da aka gama ɗaurin dawa."

Baffa ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, wancan ai lalura ce."

Ta ce, "To wannan mece ce?"

Na je na duba lissafi, na tarar maganarta dutse. Daga 1980 zuwa 1985 ƙaramar Sallah tsakanin Agusta da Yuni ta yi ta faɗowa, tsakiyar aikin gona. Daga 1997 zuwa 2000 kuwa a Fabrairu da Janairu ta zo, cikin sanyi, ga harawa ga hatsi. Waɗannan shekaru na sanyi su ne mafi yawanmu muke tunawa in mun ce sukuwar Sallah, lokacin da doki zai yi zagaye uku ya dawo yana haniniya. Daɗin da muka ji na yanayi ne, muka jingina shi ga Sallah. Iyayenmu kuwa da suka ga Sallah ta shiga gona, ba su tsaya jayayya ba, suka ɗaga sukuwa, suka bar Sallah a inda Allah Ya ajiye ta. Sun ɗaga don gero. Abin da samari ke roƙo shi ne a ɗaga don doki.

Limaminmu ma ya ƙara mana haske a zama na biyu. Ya ce ya zo a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya ware waɗanda aka horar aka ba su nesa, waɗanda ba a horar ba aka ba su kusa. Ya ce abin lura a nan shi ne, halin dokin aka duba aka yanka masa tafiya, ba a yanka tafiya aka ce doki ya san yadda zai yi ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Hawa na Sallah ne, kada wanda ya taɓa shi, domin shi gaisuwa ce da zumunci, kuma doki yana iya ɗaukarsa in an kula da ruwansa da inuwarsa. Sukuwa kuwa ta yanayi ce. Abin da ya kamata mu tsayar shi ne ƙa'ida, ranar sai ta biyo baya. Kada a yi sukuwa a bazara. Kada a sa dokin da ya yi hawa a fage sai ya huta aƙalla mako biyu. In ƙura ta yi yawa a jinkirta. In Sallah ta faɗo cikin sanyi a haɗa su, in ta faɗo cikin zafi ko damina a raba su. Wannan ba rabuwar har abada ba ce, domin bisa lissafi ƙaramar Sallah za ta dawo farkon Fabrairu a 2030, ta shiga Janairu a 2031, daga nan kuma a yi shekaru ana cikin sanyi da kaka.

Ban ce tsoron Baffa ba shi da tushe ba. Gaskiya ne taron Disamba ba zai kai na Sallah ba, mai tsire zai ji a jikinsa, kuma gaskiya ne abubuwa sun sha mutuwa a hannun masu gyara. Amma akwai wata mutuwar da bai lissafa ba. Masu dawaki a karkararmu ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke, domin babur ya karɓe aikin doki, abincinsa kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Mutumin da akawalinsa ya faɗi bai sake ɗaura wani ba, turkensa akuya ce a kai yanzu. In aka yi haka sau uku ko huɗu, za a wayi gari ga 'yan kallo sun zo daga Legas, ga mai tsire ya hura wuta, babu abin da za a jera a fage. Taro yana iya raguwa ya dawo, amma gidan da ya rabu da doki da wuya ya koma.

A 2025 Sallah ta kama 30 ga Maris. Ba a kai ga Disamba ba, ba a kuma zauna a inda ake ba. Dagaci ya yanke cewa a yi bayan mako guda, da sanyin safiya bayan an fito daga masallaci, zagaye biyu maimakon uku, a kuma ajiye randunan ruwa a bakin fili. Waɗansu baƙin sun riga sun koma, taron bai kai na da ba, samari suna gunaguni ba a ba su abin da suka nema ba, dattawa suna gunaguni an taɓa musu abin da suka gada. Dawaki tara aka jera, tara suka koma gida da ƙafafunsu. Baffa bai sa nasa ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce dokin bai gama murmurewa daga hawa ba, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ce ya bi bayan yara.

Maganar tana nan ba a rufe ba, za a sake zama. Ina roƙon duk ɗan uwan da garinsu ke da irin wannan sukuwa, ko a ƙasar Katsina ne ko Zazzau ko Maraɗi, ya tambayi tsofaffin gidansu, musamman mata, yadda aka yi a shekarun da Sallah ta faɗo da damina, ya rubuto mana. Ina kyautata zaton za mu tarar kakanninmu sun fi mu saukin kai wajen ɗaga rana. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da Ya damƙa a hannunmu, amin.